Mai Riƙe da Ludayi

Duk wanda ya taɓa dasa tumatir tsakanin Kura da Bunkure ya san Datti Mai Ƙofa. Wanda ya ce bai san shi ba, ruwansa ya sha bai gode ba. Shekara ashirin da bakwai shi ke buɗe ƙofar kanal ɗin ban ruwa na Tsamiya Uku, shi ke rufewa. Mu da muka ga farin da ya kashe shanu a tsaye ba mu da yawa yanzu, kuma a cikinmu babu kamar Datti. Wata huɗu yana cin garin kwaki ba gishiri. Kwalara ta shiga layinsu ta ɗauki mutum tara, ta zo ƙofarsa ta ga ba riba, ta wuce. Kanal ma ya taɓa haɗiye shi a Kadawa, ya yi tafiya da shi har gonar alkama ta uku, sannan ya tofar. Boko kuwa ko inuwar aji bai taɓa zama ba, kuma har yau yana neman abin da ya rasa bai gani ba. Maganarsa a majalisa ɗaya ce: a zuriyarsa ba a haifi rago ba, ba a haifi mai ciwo ba.

Sai ga Hambali.

Hambali jikansa ne, ɗan Salisu, shekararsa biyu da wata biyar. Ɗan fari ne. Uwarsa Adama kuma 'yar rugar Fulanin bayan kanal ce, masu kunyar da ko sunan ɗan fari ba sa faɗa, ko kallonsa ba sa yi a gaban mutane. Da aka yaye shi, kamata ya yi a miƙa wa kaka mace. To, Mairama matar Datti ta riga mu gidan gaskiya, Salisu kuma yana bin motocin tumatir zuwa Legas, a wata guda da ƙyar yake kwana uku a gida. Datti ya ce a kawo masa. Mutumin da ya shayar da gona ɗari huɗu, yaro ɗaya ne zai gagare shi?

Kullum da hantsi Adama ta ajiye kwanon koko a bakin zaure ta juya. Datti ya saki asabari, ya ɗora yaron a cinya, ya ɗebo da ludayi. Na farko ya shiga. Na biyu ya shiga, ya dawo ta hanci. Na uku sai tari, har idon yaron ya kaɗa ya yi ja. Tuwo kuwa, sai ya dunƙule shi a kumatu tun azahar har la'asar. Wanzami ya cire beli, ba a ga canji ba. Hannun yaron ya koma kamar ganyen albasa. Datti yakan goge masa hanci da bakin rawani ya ce, "Maigida, siririn ƙarfe ne kai. Ni ma haka na taso."

Ba haka ya taso ba, amma waɗanda za su ƙaryata shi duk sun mutu.

A shekarar da aka yi ƙidaya, ana tsakiyar kwasar tumatir, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Nafisat ta sauka daga Kano da jakar takardu da sikelin awon yara. A zauren mai unguwa ta yi bayani. Takarda ce mai tambaya goma sha biyar, daga ƙasar waje ta zo, aikinta ta kamo yaron da cin abinci yake ba shi wahala tun kafin ya lalace. Uwa ta amsa, a tara maki, in ya yi yawa a kai yaro gaban likita. Da Turanci ta zo. Wani malami a jami'a ya mayar da ita Hausa, wani dabam da bai ga ta farkon ba ya sake mayar da ita Turanci, aka jera su aka gwada, yadda dillali ke jera kwando da kwando. Saura a ga ko tana faɗin gaskiya a ƙauye: a tambayi uwa arba'in, a auna 'ya'yansu, a dawo bayan sati biyu a sake tambaya. In takarda da sikeli suka yi baki ɗaya, likita zai duba duk yaron da ta kama.

"Amma kafin nan," in ji ta, "ina son dattijo ya saurara, ya gaya mini inda Hausar ba ta zauna ba."

Mai unguwa bai ƙarasa juyowa ba Datti ya riga ya gyara zama.

"Karanta, 'yar nan."

"Tambaya ta uku. Minti nawa yaronki yake ɗauka a teburin cin abinci?"

"A gidan wa?"

"A kowane gida, Baba."

"Tebur ɗaya ne a garin nan, na mai shayi, kuma ba ya barin yara su hau. Minti kuma, agogon mai unguwa ne kaɗai ya san shi, shi ma tun damina ya tsaya. Ki ce: yana gamawa da sauran zafi a tuwon, ko sai ya huce, ko sai ya sandare?"

Ta rubuta.

"Ta biyar. Kina bin yaro da kayan wasa ko talabijin don ya ci?"

"Ki ce tana bin sa da kwano tana cewa ga dodo nan."

Ta rubuta wannan ma, sai dai ta cire dodon. Datti ya yi mata uzuri, yarinya ce.

"Ta bakwai. Abinci ko abin sha yana dawowa ta hancin yaro?"

Datti ya dubi ƙafarsa. Akwai laka a babban yatsa, ya sa tsinke ya kankare ta tas.

"Wannan ta zauna," ya ce. "Wuce."

Kafin magariba babu wanda bai ji ba, daga bakin kanal har injin casar shinkafa, cewa Datti ya gyara wa jami'a tambaya shida.

Ranar Talata aka tara mata a ƙaramin asibitin garin, a kan benci uku ƙarƙashin dalbejiya. Nafisat ta kafa kujera a gabansu, tana kira ɗaya bayan ɗaya, sauran suna ji. Aka fara da Kubra matar mai injin casa. Ɗanta, wanda duk unguwa ke kira Buhu, yana kan cinyarta da dafaffen dankali a kowane hannu.

"Yana ƙin abinci?"

"Kullum, Malama."

"Yana gamawa da sauran zafi, ko sai ya huce?"

"Ai ba ya ma farawa. Ko ruwa sai da dabara."

Buhu ya cinye dankalin dama, ya miƙa hannu ya kamo biron Malama ya kai baki. Da aka rataye shi a sikeli, sai da aka kira mai gadi ya riƙe reshen dalbejiyar da aka ɗaura sikelin.

Haka aka yi ta yi. Uwa ta zauna da ɗa kamar kabewa, ta rantse ba ya cin komai. Da aka zo kan Adama, ta zauna ta kafa ido a ƙasa.

"Yaya sunan yaron?"

Adama ta ƙara sunkuyar da kai.

"Hambali," in ji matar da ke kusa da ita.

"Yana ƙwarewa in yana ci?"

"A'a."

"Yana dawowa ta hanci?"

"Ban lura ba."

Tambaya goma sha biyar, a'a goma sha biyu, ban lura ba uku. Da aka nemi yaron don awo, aka ce ai kakansa ya goya shi a keke tun da safe, ya tafi nuna masa yadda ake buɗe ruwa.

Sakamako ya fito: cikin yara arba'in takarda ta kama talatin da uku. Wanda ya fi kowa lafiya a garin kaf, in ji takarda, shi ne Hambali jikan Datti. Kwana uku Datti yana juya wannan magana a majalisa, har mai shayi ya haddace.

A lokacin wayar hannu ba ta kamawa a ko'ina sai a kan tudun kanal, daidai ƙofar Datti. Can Nafisat ta hau ranar Juma'a, ta ɗaga wayar sama kamar mai neman wata, ta yi magana da manyanta, ta sauko fuska ba walwala. Datti yana zaune yana shafa wa ƙarfen ƙofa baƙin mai.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, Malama. Yaya takardarmu?"

"Takardarmu ta mutu. Sikeli ya ce lafiyayyu, ita ta ce marasa lafiya. Sun ce in na kasa gano dalili in tattaro in dawo. Ba takarda, ba likita."

Datti ya yi dariyar da ba ta da sauti. Abin da jami'a ta kasa, ga shi an hawo tudu ana nema a wurinsa.

"'Yar nan, ke 'yar wane gari ce?"

"Kano, Baba. Cikin birni."

"To a birni baki ya daina kama yara? Kin jera mata talatin da tara, kin kafa ta arba'in a gabansu, kin ce ta faɗa da bakinta ɗanta yana ci kamar gara. Kafin ta kai gida wata ta ce kai, wannan yaro akwai ci. Gobe zazzaɓi. Wace uwa ce za ta sayar da ɗanta don takardarki?"

Nafisat ta buɗe jaka ta ciro biro.

"Ki shigar da su ɗaki ɗaya-ɗaya, ki rufe ƙofa. Ki fara da tubarkalla masha Allah, ki faɗa da ƙarfi ta ji. Kuma kada ki ce yana ci. Ki ce jiya me aka zuba masa, me ya rage a kwanon. Jiya ta wuce, baki ba ya kama jiya."

"Sai dai a zubar da na farko a sake daga tushe," in ji ta, tana rubutu. "Amma akwai saura. Mata uku a'a da ban lura ba kawai suka ce daga farko har ƙarshe. Na duba, yaransu duk 'ya'yan fari ne."

"Kunya ce. Ko wuta ce ta kama rigar ɗan fari, uwarsa cewa za ta yi wani ya duba wancan yaron. Waɗanda suka rubuta a tambayi uwa ba su taɓa zama a gidan mutane ba."

"To wa zan tambaya?"

"Wanda ke riƙe da ludayi mana! Kaka ce, goggo ce, ko wace ce. Wanda kokon ke zubar wa a riga shi ya sani."

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Nafisat ta rubuta, ta ja layi a ƙasa, sannan ta ɗago.

"Baba, wa ke riƙe wa Hambali ludayi?"

Datti ya miƙe. Ya ce mutanen layi na huɗu suna jiran ruwa tun ɗazu. Ya kama ƙarfe ya yi ta juyawa, duk da ranar ba ranar ruwansu ba ce. Albasar wani Ibrahimu ta sha sau biyu a sati ɗaya, har yau bai san dalili ba.

An sa ranar Talata mai zuwa don sabon zama. Datti ya yanke a ransa cewa ranar akwai aikin yashe kanal, kuma Maigida yana bukatar ya koyi yashe.

Ranar Litinin da hantsi ya saki asabari kamar kullum. Ludayi na farko ya shiga. Na biyu ya dawo. A na uku yaron ya buɗe baki zai yi tari, tarin bai zo ba. Ya sandare, ido a waje, leɓe ya fara baƙi. Datti ya kifa shi a gwiwa yana bubbuga bayansa. Mutumin da kanal ya yi tafiyar gona uku da shi bai kira kowa ba, ya ji bakinsa yana cewa, "Maigida. Maigida. Hambali!" Can sai tari ya ɓalle, koko ya fito ta baki da hanci, kuka ya biyo baya, siriri kamar na ɗan mage.

A bayan katangar zaure akwai murhun Adama. Ba ta shigo ba. Suruka ba ta faɗa wa uban miji yadda zai yi, balle a kan ɗan fari. Sai Datti ya ji tana korar kaza.

"Tafi can, uwar kwaɗayi," in ji ta. "Ke kam kin ci kin ƙoshi. Wani kuwa tun yana nono, abin da ya shiga baki ta hanci yake fita. Wandon da aka ɗinka wa wani da ƙaramar salla, yanzu sai da igiya yake tsayawa. Igiyar ma jiya an ƙara mata ƙulli."

Kazar ta wuce abinta. Datti ya ajiye ludayi. Ya ɗaga rigar yaron ya ga igiyar, ƙulli uku, an yi su da kyau, irin ɗaurin da Fulani ke yi wa ɗan maraƙi don kada ya ji ciwo.

Da safiyar Talata matan da ke benci suka ga abin da ba a taɓa gani ba a Tsamiya Uku. Datti Mai Ƙofa, da babbar riga da rawani, da yaro a kafaɗa, da kwano da ludayi a hannu, ya zo ya ce su matsa.

"Baba Datti," in ji Kubra, "awon ciki ka zo?"

"Wata nawa, Baba?" in ji wata daga baya.

"Aikina na zo dubawa," ya ce. "Takardar nan rabinta tawa ce. Ke kuma Kubra, in kin shiga ki faɗi gaskiya, an rufe ƙofa. Buhunki ko bakin duniya ya taru ba zai ɗaga shi ba."

Ya zauna tsakanin wata kaka da wata goggo, su ma masu riƙon 'ya'yan fari. Ya jira layi bai tsallake kowa ba, abin da daga baya ya ce ko gwamna ba zai iya ba.

Da aka kira shi, Nafisat ta rufe ƙofa. Ta dubi yaron, ta dubi hannunsa.

"Tubarkalla masha Allah," ta ce.

"Wannan ki ajiye wa masu ƙiba. Karanta."

"Jiya me aka zuba masa?"

"Koko, rabin kwanon nan."

"Me ya rage?"

"Rabin kwanon nan, ban da ludayi uku. Biyu a rigata suke."

"Yana gamawa da sauran zafi, ko sai ya huce, ko sai ya sandare?"

"Wannan tambayar tawa ce."

"Taka ce, Baba. Amsar fa?"

"Sai ya sandare."

"Yana ƙwarewa? Ba ya yi, wani lokaci, sau da yawa, ko kullum?"

"Yaro ne mai gaggawa, irin gidanmu..." Ya tsaya. Biron yana sama yana jira. "Kullum."

"Ta bakwai. Yana dawowa ta hanci?"

"Kullum. Tun yana nono, in ji uwarsa. Ba ni ta gaya wa ba. Kaza ta gaya wa."

Nafisat ta rubuta kullum, ta bar kazar. Suka bi sha biyar ɗin har ƙarshe. Ta rataye yaron a sikeli, allurar ta ɗan motsa kamar mai jin nauyin tashi. Ta kunna tocila ta leƙa bakinsa, ta daɗe.

"Can ciki, saman bakinsa, kamar bai gama haɗewa ba. Ni ba likita ba ce, shi zai tabbatar. In hakan ne, ana ɗinkewa a Kano."

"Kamar buhu?"

"Da zare mai kyau, Baba."

"Sai bayan sati biyun?"

"Takarda za ta jira sati biyu, kuma za ka dawo ka sake amsa mini. Shi ba zai jira ba. Jibi Alhamis motarmu za ta koma, ku shirya. A zo da uwarsa."

"Ba za ta yi magana ba."

"Ta zo ta yi shirun a can."

Ta nuna masa yadda zai zaunar da yaron a miƙe, ba a kwance a cinya ba. Ta ce a dama kunu da kauri, a bar ludayi a ɗauki ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Ta ce ya riƙa ƙirga wanda ya shiga da wanda ya dawo. Datti ya saurara kamar wanda ya riga ya sani yana gwada ta. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Maki nawa ya samu?"

"Arba'in da ɗaya cikin arba'in da biyar."

"Mai bi masa fa?"

"Zuwa yanzu, sha tara."

Ya gyara rawani ya fita. A gaban benci ya tsaya, yaron a kafaɗa, ya ce da ƙarfi yadda har mai gadi zai ji:

"Arba'in da ɗaya. Likitan Kano da kansa yake nemansa. Wadda ta isa ta kamo."

Babu wadda ta yi dariya. Kubra ta ciro dankali ɗaya daga hannun Buhu, abin da ba ƙaramin aiki ba ne, ta miƙa. Datti ya ce ba a ba shi irin wannan tukuna, sai an yi ɗinki. Ya karɓa ya ci da kansa.

Da la'asar Adama ta ajiye kwano a bakin zaure. Kunu ne mai kauri, da ƙaramin cokali a ciki, ko da yake babu wanda ya ji lokacin da aka gaya mata. Ba ta juya ba. Ta tsuguna a gefe tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Datti bai saki asabari ba. Ya zaunar da yaron a miƙe, ya jingina shi da ƙirjinsa.

Cokali na farko ya shiga. Suka jira. Na biyu ya shiga. Na uku ya shiga, maƙogwaron yaron ya motsa, hanci a bushe.

"Uku," in ji Datti, yana gaya wa katanga.

Na huɗu ya dawo ta hanci. Datti ya goge da bakin rawani, ya ɗauki gawayi ya ja layi uku a bango, sannan ya matsa gefe ya ja ɗaya, don ranar Alhamis likita zai tambaya.